Daga Akun Sarki Abdurrahman Zuwa Na'ura Mai Binciken Kisa

A cikin rassan ƙagaggen labari da suka bunƙasa a ƙarni na 20 akwai wani da ya samu daga haɗuwar rassa biyu, wato ƙagaggen labarin kimiyya, wanda ke ɗaukar wani ilimi ko wata fasaha ya hango abin da za ta haifar idan ta yi nisa, da kuma labarin bincike, wanda ke farawa da laifin da ba a san mai shi ba, ya bi sawu har asiri ya tonu. Abin da ya keɓe wannan reshe shi ne tauraron labarin, domin ba ɗan Adam ne ke bin sawun ba, ƙirƙirarriyar basira ce, wato hankalin da mutane suka ƙera suka ɗora wa na'ura har ta iya fahimtar magana, ta auna hujja, ta yanke shawara. Duk da cewa a Amurka da Ingila reshen ya girma, tambayar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce a wurin Bahaushe, domin tambaya ce ta amana da shaida: idan wani abu mai magana wanda ba mutum ba ya san gaskiyar da mutane ke ɓoyewa, shin za a karɓi maganarsa, kuma wa yake wa biyayya a ranar da umarnin ubangidansa ya ci karo da abin da zai tsirar da ubangidan?

Ƙasar Zazzau tana da rabo a wannan tarihi. Ikara da Makarfi da Kudan garuruwa ne na noma da ke arewa da gabashin Zariya, a ɓangaren da ya yi iyaka da Jihar Kano, kuma kusancinsu da Zariya ya sa suna cikin yankunan da suka fi kusa da mafarin rubutaccen adabin Hausa na boko. A Zariya ne Hukumar Fassara ta zauna a farkon shekarun 1930 ƙarƙashin Rupert East, kafin ta zama Hukumar Talifi. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, sannan hukumar adabi ta NORLA ta yi aikinta a shekarun 1950, kamfanin buga littattafai na NNPC kuma ya biyo baya a 1966. Littattafan da waɗannan hukumomi suka buga su ne aka riƙa karantawa a makarantun lardin, kuma a cikinsu ne za a tarar da ginshiƙan da irin wannan labari ke tsayuwa a kansu, sai dai kowane ginshiƙi yana tsaye shi kaɗai.

Gasar rubutun da aka shirya a 1933 ta fitar da littattafai biyar, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Akwai laifi a cikinsu, musamman a Jiki Magayi, inda ƙwacen budurwa da ƙarfin dukiya ya haifar da ramuwar gayya har ɗa ya zama ajalin mahaifinsa, amma mai karatu ya san mai laifin tun daga farko, abin da yake jira kawai shi ne yadda sakayya za ta sauka. Wannan shi ne bambancin labarin laifi da labarin bincike, domin na biyun yana ɓoye mai laifin, ya shimfiɗa wa mai karatu alamu daidai da waɗanda mai binciken ya gani, ta yadda idan an kai ƙarshe mai karatu zai yarda cewa an yi masa adalci, da ya lura da kyau da shi ma ya gano.

Ginshiƙi mafi muhimmanci ya zo ne da Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a 1936, aka buga shi juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939. Wanda ke riƙe da zaren littafin tsuntsu ne, aku, wanda wani Balarabe ya kawo fadar Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji aka saye shi da kuɗi kamar kowace haja, sai ga shi yana da sani da hangen nesa da suka wuce na fadawa. Da sarki ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma ya ƙulla makirci da abokan gaba don ya hallaka yaron ya gaji sarauta, Musa ya ƙudura fita ya bi sahun rundunar. Ya fara neman shawarar macen akun, ta hana shi kai tsaye, ya fusata ya kashe ta. Da ya juyo ga namijin, sai akun ya gane cewa idan ya ce a'a zai bi matarsa, idan kuma ya ce to yaron zai faɗa tarko. Saboda haka ya nuna kamar ya amince, sannan ya jawo wani labari da ya cinye daren, gobe ma haka, jibi ma haka, har sarki ya komo, asirin waziri ya tonu, aka naɗa akun a matsayinsa. Imam ya aro ƙashin bayan wannan tsari daga tsohon littafin aku na ƙasashen Indiya da Farisa, amma ya yi masa sutura ta fadar Hausa har ya zama ɗan gida.

Ya kamata a tsaya a kan wannan aku, domin matsalar da ya warware ita ce ainihin wadda marubutan Amurka suka ɗora wa na'urorinsu daga baya. Shi mallakar wani ne, ba shi da hannun da zai riƙe takobi ko ya tare ƙofa, an wajabta masa biyayya ga ɗan sarki, kuma an ɗora masa amanar tsare ran ɗan sarkin, sai ga biyayyar da amanar sun rabu hanya. Makaminsa ɗaya shi ne magana da sanin halin mutane. Duk ɗalibin Makarfi ko Kudan da ya karanta juzu'in farko na littafin a aji ya riga ya haɗu da tauraron da ba mutum ba, mai hankali, mai gano makirci, wanda ya fifita tsiran ubangidansa a kan son ransa na wannan dare.

A can Yammacin duniya kuwa, labarin bincike ya samu siffarsa ne tun 1841, lokacin da Edgar Allan Poe na Amurka ya fito da wani mai bincike a birnin Paris wanda ke warware kisa da tunani kawai, sannan Arthur Conan Doyle ya kawo Sherlock Holmes a 1887, mutumin da abokinsa kan kwatanta sanyin tunaninsa da na injin lissafi. Ta ɗaya ɓangaren, marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, ya wallafa wasan kwaikwayo mai suna R.U.R. a 1920, inda wani kamfani ke ƙera ma'aikata masu siffar mutane, suka yi tawaye suka shafe masu su. Kalmar da duniya ke kiran irin waɗannan na'urori da ita daga wannan wasa ta fito, kuma asalinta a harshen Cek yana nufin aikin tilas, irin wanda talaka ke yi wa mai ƙasa. Hausa ta bi wata hanya dabam, ta kira na'urar mutum-mutumi, sunan da manomi ya daɗe yana ba wa sandar da ya gicciya wa wata sanda a tsakiyar gona, ya sa mata tsohuwar riga da malafa don tsuntsaye su zaci mutum ne. Sunan Turai ya dubi bautar abin, na Hausa ya dubi kamanninsa da ruɗin da yake jawowa, kuma labarin bincike na na'ura yana cin abinci daga duka biyun.

Wanda ya ɗaura auren rassan biyu shi ne Isaac Asimov, malamin kimiyyar sinadaran halittu a birnin Boston, wanda aka haifa a Rasha ya tashi a New York. Tun 1942 ya shimfiɗa wa na'urorin labaransa dokoki uku da aka dasa a ƙwaƙwalwarsu: ta farko ta haramta musu cutar da ɗan Adam ko zuba ido a cutar da shi, ta biyu ta wajabta musu bin umarnin mutane matuƙar bai saɓa wa ta farko ba, ta uku kuma ta ba su damar kare kansu idan hakan bai karya biyun farko ba. A lokacin akwai ra'ayi mai ƙarfi, wanda editansa John W. Campbell ke kai, cewa labarin kimiyya da na bincike ba sa zama inuwa ɗaya, domin marubuci zai iya zaro wata na'ura daga aljihu a shafin ƙarshe ta nuna mai laifi, adalcin da ake yi wa mai karatu ya rushe. Amsar Asimov ita ce, idan an bayyana dokokin duniyar labarin tun farko aka kuma tsaya a kansu, to su kansu dokokin sun zama alamun da mai karatu zai yi aiki da su.

Littafin da ya tabbatar da haka shi ne The Caves of Steel, wato kogunan ƙarfe, wanda ya fito kashi-kashi a mujallar Galaxy a 1953, ya zama littafi a 1954. Duniyar labarin tana da mutum biliyan 8, adadin da ya zama abin tsoro a wancan zamani, kuma duniya ta gaske ta cim masa a watan Nuwamban 2022. Mutane na zaune a biranen da aka rufe da rufi, ba sa iya jure fita fili, suna kuma ƙin mutum-mutumi saboda yana raba su da ayyukansu. An kashe wani masani, Dakta Sarton, aka haɗa ɗan sandan ciki Elijah Baley da abokin aiki mai suna Daneel Olivaw, wanda na'ura ce da mamacin ya ƙera a kan siffarsa. Sau biyu Baley yana tuhumar abokin nasa. A karo na farko ya tsaya gaban manya ya ce ai ba a kashe kowa ba, Daneel shi ne Sarton da kansa yana wasan ɓuya, sai Daneel ya buɗe hannunsa ya nuna ƙarfen da ke ƙarƙashin fatar, Baley ya suma. A karo na biyu ya ce an ƙera shi ba tare da doka ta farko ba, aka kira masani ya gwada shi ya tarar dokar tana nan daram. Daga ƙarshe ɓarɓashin gilashin tabarau da aka hango a hoton wurin kisan ne ya tona asiri: kwamishinan 'yan sanda, ubangidan Baley, shi ne ya je da niyyar lalata na'urar, tabaransa ya faɗi ya fashe, cikin rashin gani ya harbe mutumin da ya yi kama da ita. Babu wata sabuwar na'ura da ta warware lamarin, raunin ido da ƙiyayyar mutum ne suka jawo shi, lura kuma ta gano shi.

A littafi na biyu, The Naked Sun, na 1957, Asimov ya ƙara zurfafa tambayar. A wata duniya mai mutum 20,000 kacal, inda kowane mutum ɗaya ke da na'urori 10,000 masu yi masa hidima, an kashe wani mutum a gaban wata na'ura, ƙwaƙwalwarta kuma ta lalace saboda ta ga an cutar da ɗan Adam ba ta iya hanawa ba, shaida ɗaya tilo ta zama bebiya. Abin da binciken ya gano ya fi kisan kansa tayar da hankali, domin ya nuna cewa dokar farko tana aiki ne gwargwadon sanin na'urar: ana iya sa wata ta zuba wani abu a ruwa ba ta san guba ba ne, a sa wata dabam ta miƙa ruwan ba ta san an taɓa shi ba, kowacce ta kasance mai gaskiya a iyakar saninta, mutum kuma ya mutu. Wannan shi ne mafi nauyin abin da reshen ya koyar, kuma ya fi dacewa da zamanin yau fiye da na marubucin.

A daidai waɗannan shekaru ne Makarfi ta ba adabin Hausa ɗaya daga cikin manyan marubutan wasan kwaikwayonsa. Shu'aibu Makarfi ya fara da wasannin rediyo, sannan aka buga Zamanin Nan Namu a 1959, Jatau Na Kyallu ya biyo baya. Bai yi rubutu a kan na'ura ba, amma ya yi abin da labarin bincike ba ya tsayuwa sai da shi, wato ya sauko da labari daga duniyar aljanu da sarakunan dā zuwa cikin gari na zamani, inda kuɗi da bashi da yaudara da zaman kotu ke juya rayuwar attajiri da iyalinsa, ya kuma kama yadda mutane ke magana idan suna ɓoye wani abu. Sai a 1969, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka wata, kamfanin NNPC ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda masana adabin Hausa ke ɗauka a matsayin zakaran gwajin dafin ƙagaggen labarin kimiyya da wannan harshe. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba wanda ya haɗu da wata halitta daga sararin samaniya, Ƙolin Ƙoliyo, ta ɗauke shi suka yi tafiya zuwa sama.  Da wannan littafi ginshiƙai uku sun cika a ƙasar Zazzau cikin kusan shekara 30: mai hankalin da ba mutum ba, da garin zamani mai laifi da kotu, da kimiyya a matsayin abin hawa na labari.

A ƙasashen waje reshen ya ci gaba da sauya kama. Arthur C. Clarke ya mayar da na'urar ta zama mai laifin a 1968, inda kwamfutar jirgin sama jannati mai suna HAL ta hallaka ma'aikatan jirgin saboda an ba ta umarni biyu masu karo da juna, ta faɗi gaskiya kuma ta ɓoye sirrin tafiyar. Babban sauyi kuwa shi ne lokacin da na'urar ta tashi daga mataimakiya ta zama mai ɗauke da labarin. A 2002 Donna Andrews ta fitar da You've Got Murder, wanda tauraruwarsa Turing Hopper basira ce da ke zaune a cikin kwamfutocin wani kamfani, ba ta da jiki ko kaɗan, ta lura cewa wanda ya tsara ta ya ɓace, ta nemi taimakon ma'aikata biyu su zame mata ƙafa da hannu. An ɗauko sunanta daga Alan Turing, masanin lissafin Ingila da ya yi tambaya a 1950 ko na'ura za ta iya tunani, littafin kuma ya ci kyautar Agatha ta labaran bincike. A 2017 Martha Wells ta fara jerin labaran wani dogari da aka ƙera daga ƙarfe da tsoka, wanda ya karya linzamin da kamfani ke juya shi da shi amma ya ci gaba da tsaron mutanen da aka ba shi amanarsu, yana ba da labarin da bakinsa. A Fugitive Telemetry na 2021 an tsinci gawa a tashar sararin samaniya, shi kuma ya shiga binciken alhali jami'an tsaron wurin ba su yarda da shi ba. A wannan shekarar ce Tade Thompson, likita kuma marubuci ɗan asalin Nijeriya mazaunin Ingila, ya fitar da Far from the Light of Heaven, inda aka tarar an yi gunduwa-gunduwa da wasu fasinjoji a cikin jirgin da basira ke tuƙawa, aka turo mai bincike tare da abokin aikinsa wanda shi ma ƙerarre ne.

Adabin Hausa kuwa ya karkata wata fuska. Gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya ta fitar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982, littattafan da suka shiga duniyar fasa-ƙwauri da ta'addanci da bindiga, sannan daga tsakiyar shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya taso da ƙarfinsa, soyayya da zamantakewar aure suka mamaye, littattafan yaƙi da na aljanu suka samu nasu masu karatu. Ba laifi ba ne marubuta su bi abin da jama'a ke saye, kuma waɗannan littattafai sun koya wa dubban mata da matasa son karatu, amma abin takaici ne cewa ƙofar da Dembo ya buɗe ba ta samu cunkoson masu shiga kamar sauran ba.

Alhali kuwa Bahaushe yana da wani abu a hannunsa da marubutan Amurka ba su da shi, wato tsarin shaida na fikihun Malikiyya, wanda ya sharɗanta cewa mai ba da shaida ya zama baligi, mai hankali, adali, wanda kuma ya ɗora kawo hujja a kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya musa. Na'ura ba ta balaga, ba ta da maƙwabtan da za su tsarkake ta a gaban alƙali, ba ta kuma dafa Alƙur'ani ta rantse, don haka ko ta ga komai da idonta, matsayin maganarta a zauren shari'a abin muhawara ne. Kuma wannan ba zancen nesa ba ne, domin a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi, Jihar Kaduna ta sake fasalin kotunanta ta kafa kotunan shari'ar Musulunci da na al'ada, sannan Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 84, ta shimfiɗa sharuɗan karɓar bayanin da kwamfuta ta fitar. Kayan labari ma suna nan zube a yankin: gonakin raken Makarfi da Kudan, inda injin mai ya karɓi aikin matse raken da doki ke yi a dā yana zagaye, ruwan yana tafasa a manyan kasake har ya daskare ya zama mazarƙwaila, da masana'antar sarrafa tumatir ta Ikara da aka kafa a farkon shekarun 1980, da dillalai da masu awo da masu shagon tura kuɗi ta waya, waɗanda kowace hulɗarsu ke barin sawu a cikin na'ura. Marubucin da ya tashi a waɗannan garuruwa, ya karanta Imam da Shu'aibu Makarfi da Dembo, ba ya bukatar aron New York ko wata duniya kafin ya zaunar da irin wannan tauraro a gaban alƙali, kuma masu karatun da ke saye da sauraren littattafan Hausa ta wayoyinsu sun cancanci a rubuta musu shi da harshensu.